Daga saiwar wake zuwa tafkunan Kanem: ƙananan halittun da masana ke sa ran za su rage wa manomi kuɗin taki

Tun daga 2021 farashin takin zamani ya fara hawa, yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 kuma ya ƙara dagula al'amarin, har manoma da dama a Nijar, Cadi, Kamaru da Gana suka yi damina ba su zuba wa gonakinsu ko buhu ɗaya ba. A daidai wannan lokaci cibiyoyin kula da yara masu tamowa na yankin Sahel ba su daina karɓar marasa lafiya ba. Waɗannan matsaloli biyu sun sa hankali ya ƙara komawa kan wani reshe na kimiyya da ke nazarin halittun da ido ba ya gani, domin sanya su aiki a gona da tukunya. Biyu daga cikinsu sun daɗe a yankin nan: bakteriyar da ke zaune cikin saiwar wake da gyaɗa, da kuma koriyar gansakukar da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na ƙasar Cadi.

Abin da shuka ke nema a taki

Babban abin da manomi ke saya a cikin buhun yuriya shi ne sinadarin naitirojin, wanda ake kira azote da Faransanci. Shi ke sa ganye ya yi kore shar, zangarniya ta cika. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na wannan sinadari. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, sai dai shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. Dole sai an sauya shi zuwa amoniya ko makamancinta.

A masana'anta ana yin wannan sauyi ne ta hanyar da Jamusawa biyu, Fritz Haber da Carl Bosch, suka samar, wadda aka fara aiki da ita a 1913. Hanya ce mai buƙatar zafi da matsi masu yawa, kuma da iskar gas ake tafiyar da ita. Shi ya sa duk lokacin da gas ya yi tsada, taki ma ya bi shi. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka ɗauki alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kimanin kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Shekarar ta zo ta wuce, akasarin ƙasashen ba su kai ga adadin ba.

Masana'antar da ke cikin saiwa

Duk manomin da ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga wasu 'yan ƙwallaye manne da saiwa, kamar ƙuraje. Wasu na ɗaukarsu a matsayin cuta, alhali gidaje ne na wasu bakteriya da ake kira rizobiya. A 1886 masanan Jamus Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth suka tabbatar cewa ta waɗannan ƙwallaye ne dangin wake ke samun naitirojin daga iska. Bayan shekara biyu wani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya ware bakteriyar, ya rene ta a ɗakin bincike.

Ga yadda abin yake gudana. Saiwar wake tana fitar da wasu sinadarai cikin ƙasa waɗanda ke jawo rizobiya. Bakteriyar ta mayar da nata saƙon, gashin saiwa ya lanƙwashe ya rungume ta, ta shiga ciki, saiwar ta kumbura ta yi mata ɗaki. Shukar tana ciyar da ita da sukarin da ganye ya haɗa, ita kuma ta juya naitirojin na iska zuwa amoniya ta ba shukar. Sinadarin da bakteriyar ke aiki da shi yana lalacewa idan iskar oksijin ta yi masa yawa, saboda haka shukar ke samar da wani jan sinadari, ɗan'uwan wanda ke cikin jinin mutum, domin ya riƙe oksijin ɗin. Wannan ya ba manomi hanya mai sauƙi ta gwaji: idan aka tsaga ƙwallon lokacin da wake ya fara fure aka ga cikinsa ja ko ruwan hoda, aiki na tafiya. Idan fari ne ko kore, babu abin da shukar ke samu.

Manoman Maradi, Damagaram da Katsina sun daɗe suna cin moriyar wannan haɗin kai ta hanyar haɗa gero da wake a gona guda. Gawo ma ɗan wannan dangi ne, yana hulɗa da rizobiya, kuma ganyen da yake zubarwa a farkon damina, tare da kashin dabbobin da ke fakewa a inuwarsa da rani, su ke sa hatsin gindinsa ya fi na sarari. A Dakar, masu bincike na cibiyar Faransa da a yau ake kira IRD sun gano a farkon shekarun 1980 cewa wata shuka ta fadamun Senegal mai suna Sesbania rostrata tana yin ƙwallayen har a jikin kara, abin da ya sa aka yi ta gwada ta a matsayin takin gonar shinkafa.

Darasin Barazil

Ba kowace ƙasa ce ke ɗauke da irin rizobiyar da kowane wake ke so ba. Waken soya asalinsa daga gabashin Asiya ne, idan aka kai shi sabuwar ƙasa sau da yawa ba ya samun abokan zama. Mafitar ita ce a rene bakteriyar da ta dace a ɗakin bincike, a cakuɗa ta da wani baƙin gari na ruɓaɓɓen tsiro, a shafa wa iri kafin shuka. Tun kafin 1900 aka fara sayar da irin wannan gari a Jamus da sunan Nitragin.

Ƙasar da ta fi cin ribar dabarar ita ce Barazil. A shekarun 1960, wata masaniya mai suna Johanna Döbereiner ta dage a kan cewa a zaɓi iraruwan soya bisa yadda suke aiki da bakteriya, maimakon a saba musu da takin naitirojin kamar yadda ake yi a Amurka. Hukumomi suka bi shawararta. Yau Barazil ce kan gaba a duniya wajen noman soya, kuma kusan duk wannan noma ana yinsa ba tare da takin naitirojin ba, abin da ke tsirar wa ƙasar da biliyoyin daloli kowace shekara. A 2025 an ba Mariangela Hungria, ta hukumar binciken noma ta Embrapa, babbar lambar yabo ta duniya a fannin abinci saboda ci gaba da wannan aiki.

Abin da gwaji ya nuna a Afirka

A Ibadan, cibiyar binciken noma ta IITA ta bi hanyoyi biyu. Ta fara da samar da iraruwan soya masu lambar TGx, waɗanda ke iya ƙulla zumunci da rizobiyar da ke cikin ƙasar Afirka. Daga baya, a 2014, ta fara haɗa garin bakteriya mai suna NoduMax. A Nyankpala kusa da Tamale, cibiyar SARI ta ƙasar Gana tana haɗa nata mai suna Sarifix, Kenya kuma tana da Biofix.

Gwaji mafi girma shi ne na shirin N2Africa, wanda jami'ar Wageningen ta Holan ta jagoranta tare da IITA daga 2009 zuwa 2019, da kuɗin gidauniyar Gates, a ƙasashen da suka haɗa da Nijeriya, Gana, Habasha, Tanzaniya da Yuganda. A gonakin manoma na Arewacin Nijeriya, shafa wa irin soya bakteriya ya ƙara amfanin gona da kusan kilo 450 a hekta, zuba takin fosfat shi kaɗai ya ba da kwatankwacin haka, haɗa biyun kuma ya kai ƙarin kusa da kilo 780. Amma da aka tattara sakamakon dubban gonaki a ƙasashe daban-daban, matsakaicin ƙarin da bakteriyar ta kawo bai wuce kimanin kilo 115 a hekta ba. Wasu gonaki sun ninka abin da suka saba samu, wasu ba su ga wani bambanci ba. Abin da ke sa dabarar ta biya duk da haka shi ne araharta, domin kuɗin garin da zai ishi hekta guda bai kama ƙafar kuɗin buhun taki ba.

Dalilan bambancin sanannu ne. Na farko fosfat. Sauya naitirojin aiki ne mai cin ƙarfi, shukar da ba ta sami fosfat ba ba ta iya ciyar da bakteriyarta, kuma jigawar Sahel na daga cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin wannan sinadari. Shi ya sa masu bincike a Nijar suka daɗe suna gwada dutsen fosfat na Tawa da kuma dabarar zuba ɗan taki kaɗan a ramin shuka. Na biyu fari da zafin ƙasa, waɗanda ke kashe bakteriya tun ba ta shiga saiwa ba. Na uku gasa: wake da gyaɗa ba sa tsantsame abokan zama, suna karɓar rizobiyar da suka tarar a gona ko da ba ta da ƙwazo, sai wadda aka shafa ta rasa gurbi. Duk da haka wasu gwaje-gwaje a arewacin Gana, da aka yi da nau'o'in bakteriya daga Barazil, sun nuna ƙari a noman wake. Wannan na da muhimmanci ga Nijeriya da Nijar, waɗanda su ne na ɗaya da na biyu a duniya wajen noman wake.

Akwai kuma batun harawa. Naitirojin da wake ya tara yana cikin ƙwaya da ganye. Idan aka ɗebe wake, aka naɗe harawa aka kai kasuwa, abin da ya rage wa gona kaɗan ne. Ribar tana komawa ƙasa ne idan takin dabbobin da suka ci harawar ya dawo gonar.

Garin bakteriya abu ne mai rai, saboda haka yana da ƙa'idoji. Ana ajiye shi a wuri mai sanyi, nesa da rana, a kuma duba ranar ƙarewar aikinsa. Ana jiƙa iri da ruwan ƙaro ko na sukari don garin ya manne, a gauraya a inuwa, a bar shi ya sha iska, a shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Na soya ba ya yi wa gyaɗa aiki. Zuba yuriya mai yawa a kan waken da aka shafa wa gari kuma asara ce biyu, domin shukar da ta sami naitirojin a ɓagas takan daina yin ƙwallaye.

Gero, dawa da masara fa?

Hatsi ba ya yin ƙwallayen saiwa, kuma shi ne ya fi cin taki. A shekarun 1970 Döbereiner da abokan aikinta sun ja hankalin duniya kan wata bakteriya mai suna Azospirillum da ke zaune a jikin saiwar ciyayi da hatsi. Tana kama naitirojin kaɗan, amma babban amfaninta shi ne sinadaran da take fitarwa masu sa saiwa ta yi rassa da gashi, ta yadda shuka za ta fi jan ruwa da abinci. Tun 2009 ake sayar da ita ga manoman masara da alkama a Barazil, inda take rage wani kaso na takin da ake zubawa.

A 2018 masu bincike daga jami'o'in Amurka sun wallafa rahoto kan wata masarar gargajiya ta yankin Sierra Mixe a kudancin Meziko. Masarar tana fitar da saiwoyi a jikin kara, suna zubar da wani yauƙi da bakteriya ke zama a ciki, kuma an auna cewa tana samun kashi 29 zuwa 82 cikin ɗari na naitirojin ɗinta daga iska. Sai dai tana ɗaukar wata takwas ko fiye kafin ta nuna, kuma tana son ruwan sama mai yawa. Aikin shigar da wannan hali cikin iraruwa masu saurin nuna yana hannun masu bincike. A halin yanzu babu wani gari ko ruwa a kasuwa da zai maye wa manomin gero gurbin taki baki ɗaya.

Dihé, koriyar dukiyar Kanem

A gabas da arewa maso gabashin Tafkin Cadi akwai ƙananan tafkuna tsakanin tuddan rairayi, masu ruwan kanwa. Yanki ne da fataken Hausa da na Barebari suka sani tun da daɗewa saboda cinikin kanwa. Ruwan ya yi wa akasarin halittu kaifi, amma wata gansakuka tana bunƙasa a cikinsa har ta rufe fuskar tafki. Matan Kanembu kan kwashe ta da ƙwarya ko roba, su zuba a ramukan da suka gyara cikin rairayi, ruwa ya tsane, rana ta busar, su yanyanka ta gutsure-gutsure su kai kasuwa. Sunanta dihé. Da ita ake kaɗa miyar da ake ci da tuwon gero.

A 1940 masanin tsirrai ɗan Faransa Pierre Dangeard ya duba wani samfuri da aka sayo a kasuwar Masakori, ya bayyana cewa curin wata ƙaramar halitta ce mai siffar murɗaɗɗen zare. Rahoton bai ja hankali ba sai da Jean Léonard, ɗan Beljiyam, ya sake ganinta a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, a tafiyar da ya yi tsakanin 1964 da 1965. Da aka auna ta aka tarar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na busasshen nauyinta furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Daga nan cibiyar man fetur ta Faransa ta shiga bincike, sunan spiruline ya bazu. An kuma gane cewa Aztek na Meziko sun ci irinta daga tafkin Texcoco kafin zuwan Sifaniyawa, kuma a can aka kafa masana'antarta ta farko a shekarun 1970.

Ko da yake ana lissafa ta cikin gansakuka, a wurin masana spiruline bakteriya ce mai haɗa abincinta da hasken rana kamar tsiro. Tana son zafi na wajen digiri 35, da ruwa mai kanwa sosai, wanda ke hana wasu halittu yi mata kutse. Saɓanin rizobiya, ba ta kama naitirojin daga iska, don haka masu renonta a kwalabati sai sun zuba mata taki. Wata 'yar'uwarta, Anabaena, da ke zaune cikin ganyen tsiron ruwa mai suna Azolla, ita ce ke kama shi, kuma manoman shinkafa na Sin da Biyetnam sun shafe ƙarnuka suna amfani da ita.

Wani nazari da masu bincike na Italiya suka wallafa a 2000 ya ƙiyasta cewa tafkin Kossorom kaɗai yana ba da kimanin ton 40 na dihé a shekara. Matsalar ta gargajiya ita ce yashi da ƙazantar da ke shiga lokacin shanya. Daga 2007 hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da kuɗin Tarayyar Turai, ta koya wa mata tacewa da ƙyalle, matsewa da busarwa a na'urar hasken rana. A 2010 hukumar ta ba da rahoton cewa mata kimanin 500 sun sayar da ton 10 na ingantacciyar dihé, suka sami ribar sefa miliyan 50. A Burkina Faso kuma akwai gonakin renonta a yankin Kudugu. A kasuwar duniya ana cire mata wani shuɗin launi da Amurka ta amince a 2013 a riƙa sa wa alewa da cingam, hukumar sararin samaniya ta Turai kuma tana gwada ta a matsayin abinci da hanyar samar da oksijin ga 'yan sama jannati.

Iyakar amfaninta

Ban da furotin, spiruline tana da sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini, da kuma wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A. Amma abin da mutum ke ci a rana giram kaɗan ne: giram 5 ba zai ba da furotin da ya wuce giram 3 da ɗoriya ba. Akasarin bitamin B12 da ake tallata cewa tana da shi nau'i ne da jikin mutum ba ya amfana da shi. Gwaje-gwajen da aka yi kan yara a Wagadugu da wasu wurare sun nuna ƙarin nauyi idan aka haɗa ta da kunun hatsi da soya, sai dai ƙanana ne. Yaron da tamowa ta yi wa tsanani wurinsa asibiti ne, inda ake ba da abincin magani irin su Plumpy'Nut. Ba ta warkar da ƙanjamau, ciwon suga ko daji, duk da abin da masu talla ke faɗa a motocin haya da WhatsApp. Haka kuma, idan kanwar ruwa ta ragu, wasu 'yan'uwanta masu dafin da ke cutar da hanta kan tsiro tare da ita, kuma ido ba ya bambance su. Wannan ne ya sa awo a ɗakin bincike ya zama dole ga duk wadda za a sayar a leda.

Tarihin man fetur daga gansakuka ma ya isa gargaɗi. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin bincike a kai daga 1978 zuwa 1996, kamfanin ExxonMobil ya zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli daga 2009, daga baya ya janye. Ana iya fitar da man, amma kuɗin haɗa shi ya fi na man da ake haƙowa.

Wa zai tantance abin da ake sayarwa?

Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai. Wani shiri mai suna COMPRO ya gwada kayayyaki sama da 100 da ake sayarwa da sunan ƙarin albarkar gona a Nijeriya, Kenya da Habasha, ya tarar ƙalilan ne ke yin abin da aka rubuta a jikinsu. Wasu ba su ɗauke da bakteriyar da aka ambata, wasu kuma ta mutu a hanya. A kasuwannin kan iyaka, inda kaya ke kwana da kwanaki cikin zafin mota kuma takardar jikin leda ke zuwa da Turanci ko Faransanci, manomi ba shi da hanyar gane mai rai da matacce.

Don haka malaman gona ke ba da shawarar a sayi garin daga dillalin da aka sani, mai lambar rajistar hukuma, irin ta NAFDAC a Nijeriya. Sannan a ware kunyoyi kaɗan a gefen gona a shuka irin da ba a shafa wa komai ba. Bayan mako biyar zuwa shida da shuka a tuge gindi biyar daga kowane ɓangare, a ƙirga ƙwallaye, a tsaga a duba launinsu, da kaka kuma a auna abin da kowane ɓangare ya bayar kafin a yanke shawarar saye a damina mai zuwa.